Yadda Farfesa Ya Wanke wa Malam Kwabo

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, aka fara cutar Malam. A ƙofar gidansa aka fara, a kan bencinsa, kuma kofin shayin da ke hannun mai cutar ma na Malam ne.

Mai cutar mijin ƙanwarsa ne, wanda unguwa ke kira Farfesa. Ya kamata a sani tun yanzu cewa babu jami'ar da ta ba shi wannan suna. Gadi ya taɓa yi a ƙofar wani ɗakin gwaje-gwaje kafin a sallame shi. Daga can ya fito da farar riga mai dogon hannu, ya buɗe shagon cajin batir, ya shiga gaya wa jama'a cewa shi da kimiyya uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Malam kuwa tarihi ya koyar har ya yi ritaya, kuma bai taɓa faɗa wa aji abin da bai tabbatar ba. Yana da gwangwanin biskit cike da tsofaffin sulalla da aka daina kashewa tun kafin a haifi yawancin ɗalibansa. A cikinsu akwai wani ƙaton kwabo na tagulla da ya gada wurin mahaifinsa, wanda koriyar tsatsa ta rufe masa fuska ruf. Mahaifinsa ya ce masa a ƙarƙashin tsatsar akwai hoton jirgin ruwa mai bututun hayaƙi. Duk ajin da Malam ya koyar sai da kwabon nan ya zagaya shi hannu zuwa hannu, Malam yana bayani a kan fatauci ta teku. To, tsofaffin ɗalibai sun shirya taro a zauren makaranta ranar Asabar ta sama, sun roƙi Malam ya zo da kwabon, za su haska shi a bango da majigi kowa ya ga jirgin.

Wannan magana ake yi a benci ranar, tsakanin Malam da abokin aikinsa na dā, tsohon malamin lissafi. Tun suna aiki ba sa kiran juna da suna, sai da darasi.

"Tarihi," in ji Lissafi, yana juya kwabon a tafinsa, "na tsufa ina duba abin nan, ko kwalekwale ban taɓa gani ba. Me za a haska wa mutane? Datti?"

"Jirgin yana ƙasa."

"To ai ya nutse kenan."

Farfesa ya ajiye kofi ya miƙa hannu. Ya shinshina kwabon, ya ɗan lasa, ya lumshe ido.

"Yaya, wannan ai ƙaramin aiki ne. A ɗakin gwajinmu irin wannan masu shara muke ba. Ka ba ni shi, zan fito maka da jirgin har da matuƙa a ciki suna ɗaga hannu."

"Ba a wanke tsohon kwabo," in ji Malam. "Duk littafin da na karanta haka ya ce."

"Masu littafi ba su san ni ba."

Malam ya karɓe kwabonsa ya sa a aljihu. Farfesa bai karaya ba. Ya leƙa cikin gida ya sa matar Malam ta miƙo lemon tsami da gishiri da faranti, ya ɗebi ƙananan sulalla daga gwangwanin ba tare da izini ba, ya naɗe hannun riga ya shiga murza. Kafin ya gama, tela da mai aski da mai sayar da ruwan sanyi sun taru a kansa. Sulallan suka fito jajaye, suna ƙyalli kamar sabuwar waya.

"Kai!" in ji tela. "Kamar yau aka buga su!"

Malam ya duba ya ga launin bai yi masa ba, ya yi kama da fatar wanda ya ƙone. Ya buɗe baki zai faɗa, Lissafi ya riga shi.

"Tarihi, ga gwani ya samu. In akwai jirgi, ka bayar a fito da shi. In kuwa babu, ka bar shi a aljihu, mun gane."

Duk wanda ya ce Malam da son ransa ya ba da kwabon nan bai san abin da ake nufi da tilas ba. Ido goma sha ne a kansa. Ya ciro shi ya miƙa, da sharaɗi ɗaya: komai za a yi, a gabansa za a yi.

Lemon tsami bai yi wa kwabon komai ba. Farfesa ya murza har yatsunsa suka yi yaushi. Ya sa man goge baki, ya sa toka, ya sa sabulun wanki, ya zuba masa lemon kwalba. Tsatsar tana nan daram.

"Taurin kai gare shi," in ji Farfesa. "Gadon gidanku ne, Yaya. Gobe zan zo masa da babbar makaranta."

Washegari da hantsi ya shigo tsakar gida da jarkar ruwan batir. Matar Malam tana shanya a igiya, ta juyo ta dube shi, ta dubi jarkar.

"Ƙanina, wa za a kashe?"

"Tsatsa, Anti. Ara mini tukunya."

Ba ta ara ba, ɗauka ya yi, kuma sabuwar ya ɗauka. Malam ya tsaya a kan cewa babban kwabo ba zai shiga ruwan nan ba sai an gwada da wasu. Farfesa ya ce wannan tsoro ne irin na waɗanda ba su yi kimiyya ba, amma don kwanciyar hankalin Yaya ya yarda. Ya tuttula ruwan, ya ƙara dunƙulen gishiri, ya juye sauran sulallan gwangwanin gaba ɗaya.

"Ai gwaji da ɗaya ake yi!" in ji Malam.

"Wannan a ajinku ne. Mu da yawa muke gwadawa, sakamako ya fi ƙarfi."

Tukunya ta fara tsuwa, wani wari ya tashi mai kama maƙogwaro. Farfesa ya ce minti kaɗan za su yi. Sai ya hango mai aski yana leƙowa ta ƙofa, ya je ya fara ba shi labarin yadda wani babban likita ya taɓa durƙusa masa yana roƙon ya duba masa wani inji. Labarin yana da tsawo. Malam ya kira shi, ya ɗaga hannu alamar a dakata. Kaji suka bar tsakar gida da kansu. Maƙwabciya ta ɗago kai ta katanga tana tari.

"Malam, mushe kuke dafawa?"

"Ilimi ake yi, Baba!" in ji Farfesa daga ƙofa.

"To ilimin naku yana yoyo."

Gaskiyarta. Wani koren ruwa yana bin siminti daga gindin tukunyar, yana kumfa, ya nufi takalman Malam. Farfesa ya rugo ya sunkuci tukunyar, gindinta ya zauna a ƙasa, baki da hannaye suka taho tare da shi. Ruwan ya fantsama masa a wando. Ya yi tsalle ya faɗa bahon wanki da ƙafa biyu, cikin fararen kayan Malam da aka jiƙa.

Da aka kwarara ruwa aka tsinto sulallan, sun yi siriri kamar ɓawon albasa. Masu huda a tsakiya hudar ta cinye rabinsu. Malam ya ɗauki ɗaya, ya lanƙwashe a hannunsa.

"Ina rubutun?"

"Ya tafi da dattin, Yaya. Ashe dama rubutun ba mai kyau ba ne."

Matar Malam tana riƙe da bakin tukunyarta, tana leƙen Farfesa ta cikinsa. "In na je wurin ƙanwar mijina, tukunya zan karɓo ko mijinta zan mayar mata?"

Malam ya miƙa hannu. "Ba ni kwabona."

Da nan aka tsaya, da sauƙi. Amma Farfesa ya zaro kwabon daga aljihun wandonsa, wanda ruwan batir ya riga ya yi wa tagogi, sai ga shi wani ɓangare na tsatsar ya ɓantare. A wurin an ga wani ɗan layi a tsaye, gajere.

"Bututu!" in ji Malam. "Bututun hayaƙi!"

Lissafi, wanda wari ya jawo shi daga gidansa, ya gyara tabarau ya duƙa. "Ƙarzuwa ce."

"Bututu ne."

"Tarihi, ko a ƙofar banɗakina akwai irin wannan layin."

"Kun gani?" in ji Farfesa, yana rufe ramin gwiwarsa da hannu. "Ɗigo ɗaya kawai ya taɓa shi. Yanzu saura mataki na ƙarshe, wanda ko a ɗakin gwajinmu ni kaɗai ake bari in yi. Lantarki."

Malam ya dubi layin, ya dubi murmushin Lissafi. Ya ce a yi, amma a hankali.

Da rana tsaka Farfesa ya dawo da wayoyi a wuya kamar carbi. Ya cika robar wanka da ruwan gishiri, ya maƙala kwabon a waya ɗaya, ya maƙala cokalin Malam a ɗaya, ya jona da cajar waya. Ƙananan kumfa suka fara fita daga kwabon. Jama'ar da suka cika tsakar gida suka yi ta kallo. Kumfa dai, kumfa dai.

"Jirgin ya taso?" in ji Lissafi. "Ko sai an sayi tikiti?"

Aka yi dariya. Farfesa ba ya jure a yi dariya in ba shi ya ba da labarin ba. Ya ce wutar caja ta yara ce. Ya fizge cajar, ya fere bakin wayoyin da haƙori, ya nufi soket ɗin bango.

"Kada ka..." in ji Malam.

Fau! Wani shuɗin haske ya cika tsakar gida. Ruwan robar ya yi sama ya dawo a kan jama'a. Cokali ya tashi ya bugi kwanon rufi. Can bakin titi aka ji wata ƙara ta biyu, wadda ta fi ta farko, daga nan duk rediyo da fanka da injin niƙa na layin suka yi tsit.

Shirun bai daɗe ba. Mai aski, wanda ya koma shago kafin a jona, ya shigo da injin aski a hannu. Bayansa wani ƙaton direban tanka ne da zane a wuya, rabin kansa fes, rabi daji.

"Wane ne Farfesa?" in ji direban.

Kowa ya nuna. Farfesa yana zaune a ƙasa, girarsa ta tafi, hayaƙi na fita daga hannun rigarsa.

"Ɗan'uwa, matsalar daga wayoyin unguwa ce, ba su kai ƙarfin aikina ba. Amma kan naka, in ka ba ni reza..."

Direban ya tako. Mai ruwan sanyi ya shigo yana ihun ƙanƙararsa za ta narke, tela yana ihun kayan biki. Farfesa ya wawuri kwabon daga cikin roba, baƙi ƙirin kamar gawayi, ya taka bahon wanki, ya haye katanga ya dira gidan maƙwabciya. Aka ji ta tana salati, aka ji tsintsiya tana sauka a bayan mutum. Aka bar Malam da ba da haƙuri, mutumin da ko ƙwan fitila ba ya canjawa da kansa.

Kwana da kwanaki ba a ga Farfesa ba. Ƙanwar Malam ta ce yana "ɗakin bincike", wato bayan shagonsa. Malam ya je ya buga, aka ce masa ta ramin ƙofa aiki ya kai wurin da ba a son numfashin mutum biyu. Ana gobe taro sai ga shi da sabon wando da girar da aka zana da gawayi, ya ajiye wa Malam kwalin ashana wanda aka liƙe da kakin kyandir ta ko'ina.

"Yaya, jirgi ya fito."

Malam ya miƙe tsaye. "Ka gan shi?"

"Da bututu, da hayaƙi, da ruwa a ƙasa. Ni kaina sai da na ji jiri."

Malam ya kai farce zai ɓare kakin, Farfesa ya riƙe masa hannu.

"Kul! Sabon wanki ne, fatarsa ɗanya ce. Iska ta taɓa shi yau, gobe ya koma kore. Sai a gaban majigi."

Za a ce me ya sa mutum mai bin diddigi kamar Malam ya yarda. Amsar ita ce ƙanwarsa ta rantse masa cewa mijinta bai ci abinci ba saboda aikin nan, kuma ba a ƙaryata ƙanwa a kan mijinta ana gobe taro.

Zauren makaranta ya cika. Tsofaffin ɗalibai sun zo da matansu da mazajensu, wasu da furfura, wasu da tumbi, kowa yana gaida Malam da rusunawa. Lissafi yana layin gaba ya harɗe ƙafa. Farfesa, wanda ba a gayyata ba, ya zauna a kan dandamali kusa da shugaban taro, da farar rigarsa.

Malam ya karɓi lasifika. Ya yi magana a kan mahaifinsa, da teku, da fatake. Ya ce akwai waɗanda suka yi shekaru suna shakka, ba zai kama suna ba, suna layin gaba. Ya ce yau ido zai raba gardama. Aka yi tafi. Wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda yanzu likitar ido ce, ta ɓare kakin, ta ɗora kwabon a ƙarƙashin na'ura, aka kashe fitilu.

Kwabon ya bayyana a bango, faɗinsa ya kai tayar mota. Abu na farko da Malam ya gani shi ne babu rubutu a gefe, babu shekara, babu komai. An goge fuskar sumul, sawun dutsen wasa wuƙa ya zagaye ta. A tsakiya kuma an ƙarza wani abu da tsinin ƙarfe: jiki kamar rabin ƙwarya, dogon abu ya tashi daga gaba ya lanƙwasa, da ɗan tsini a ƙarshensa, ga layuka masu lanƙwasa a ƙasa.

Sai wata mata daga baya, matar wani ce ba ɗalibar Malam ba, ta ce da ƙarfi:

"Ai agwagwa ce."

Wani ya yi tari don ya danne dariya, ta ƙi dannuwa. Ta fashe daga baya ta gangaro gaba. Manyan mutane masu ofis suka riƙe ciki. Lissafi ya zame daga kujera yana dukan cinya.

"Tarihi! Ashe kiwo mahaifinka ya yi, ba fatauci ba!"

Malam ya juya ya dubi Farfesa. Da mutumin nan ya yi shiru, da an ce tsohon kwabo ne mai agwagwa, Malam ya yi kuskuren gado, a tausaya masa a wuce. Amma Farfesa ya miƙe fuska a murtuke, ya fizge lasifika daga hannun Malam.

"Wace agwagwa? Wa ya ce agwagwa? Ku ba ku san zane ba! Wannan bututu ne, ba wuya ba. Wannan hayaƙi ne iska ta kaɗa shi, ba baki ba!"

"To idon fa?" in ji wani.

"Taga ce! Wuni guda na yi da ƙusa ina fitar da jirgin nan, hannuna har ya yi kanta, ku zo kuna ce mini agwagwa!"

Dariyar ta tsaya cak.

"Da ƙusa?" in ji Lissafi a hankali. "Kai ka zana?"

Farfesa ya ga inda ya taka, ya nemi wurin dafawa, ya dafa Malam.

"To ai Yaya ne ya ce jirgi yake so a gani. Ni abin da aka ce in fitar na fitar."

Wannan jumla ita ce cutar. Tukunya ana saye, wuta an gyara, gashin direba ya tsiro. Amma mutum ɗari da wani abu sun fita daga zauren nan da zaton cewa malamin da ya hana su satar amsa shi ya sa aka ƙera masa hujja da ƙusa. Shugaban taro ya yi ta cewa a ci gaba da shiri, ba wanda ya ji. Likitar ido ta mayar da kwabon cikin kwalin ashana ta miƙa wa Malam ba ta dube shi ba.

A bakin ƙofar zaure Malam ya riƙe wuyan farar rigar. Tambaya ɗaya ce ta dame shi fiye da duk abin da ya faru.

"Lokacin da ka sa shi a dutse, kafin fuskar ta tafi, baƙin ya fara sauka. Me ka gani a ƙasa?"

"A ƙasa?"

"Akwai jirgi ko babu?"

Farfesa ya sosa inda girarsa take a dā. "Wallahi Yaya ban duba ba. Ina yi wa mai wasa wuƙa bayanin yadda ake riƙe dutse."

Tun daga ranar, in Malam ya wuce shagon aski sai wani ya yi kukan agwagwa ƙasa-ƙasa. Lissafi ya aiko masa da ƙwai guda biyu a leda, wai ribar jirgi. Farfesa kuwa ya aiko ƙanwar Malam da saƙo cewa in an ba shi kwabon na yini ɗaya zai gajarta wuyan.

Malam ba ya son a gajarta wuyan komai. Ba ya son tukunya, ba ya son sulalla, kuma ya gaji da masu zuwa suna cewa ai gida ɗaya ne a rufa asiri. Ba a cikin gida aka tona ba. Abin da yake nema shi ne a sake tara mutanen nan a zauren nan, a kunna lasifikar nan, mijin ƙanwarsa ya hau dandamali ba tare da farar riga ba, ya faɗa da bakinsa, a hankali yadda na baya za su ji, cewa Malam bai sa shi zana komai ba, kuma ya nemi gafara. Sa'an nan ya juya ya fuskanci layin gaba, inda Lissafi zai zauna, ya shaida cewa shi kaɗai ne mutumin da Allah ya ba damar ganin abin da ke ƙarƙashin tsatsar nan, kuma a lokacin surutu yake yi.